ZAMBO KO YABO? NAZARI A KAN YAƘIN LITTLE BIGHORN A CIKIN KATUN ƊIN PEABODY

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce ta yi nazarin wani ɗan gajeren fim na zane mai motsi, watau abin da yara ke kira katun, wanda aka nuna a talabijin a ƙasar Amurka a zangon farko na shirin Rocky and His Friends, tsakanin 1959 da 1960. Fim ɗin kashi ɗaya ne daga cikin jerin nan mai suna Peabody's Improbable History, kuma yaƙin Little Bighorn na shekarar 1876 ya ɗauka ya mai da shi abin raha. Tsawonsa duka bai wuce minti 5 ba. Mai yiwuwa wani ya ce, me ya haɗa taron masana da wasan yara na minti 5? Amsa ita ce, Hausawa sun ce da wasa ake faɗa wa wawa magana, kuma sau da yawa abin da yaro ya fara ji game da tarihi a cikin dariya ya fi zama a zuciyarsa bisa ga abin da malami zai karanta masa daga baya a cikin aji.

Akwai kuma wani dalili na kusa. Duk wanda ya taɓa zama a gidan silima a biranen ƙasar Hausa a zamanin fina-finan kaboyi ya san yadda 'yan kallo kan ɗauki tafi da sowa idan sojan doki suka ɓullo, kuma ya san cewa waɗanda ake kira "Jajayen Indiyawa" a fina-finan nan aikinsu kawai shi ne su yi ihu su faɗo daga kan doki. Watau dai wannan tarihi ya iso mana ne ta hanyar hoto tun kafin ya iso mana ta hanyar littafi. Saboda haka ya kamata mu san yadda aka ƙera hoton, da kuma yadda waɗanda suka yi masa ba'a suka yi nasu aikin.

Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne cewa katun ɗin ya yi nasarar sauke Custer daga kan dokin jarumtar da aka ɗora shi, amma ya bar shi a tsakiyar fage. Za a yi amfani da kalmomin nazarin adabin Hausa guda uku, watau yabo da zambo da habaici, domin auna wannan magana. Da farko za a kawo yaƙin kamar yadda ya auku, sa'an nan yadda aka mai da shi almara, sa'an nan a duba katun ɗin kansa, a kwatanta shi da wani ɗan'uwansa, daga ƙarshe a naɗe.

2.0 YAƘIN KAMAR YADDA YA AUKU

A shekarar 1868 gwamnatin Amurka ta ƙulla yarjejeniya da ƙabilar Lakota a sansanin Fort Laramie, inda ta amince cewa duwatsun Black Hills na cikin ƙasar da aka keɓe musu. Waɗannan duwatsu wuri ne mai tsarki a wurin Lakota. A 1874 aka tura Laftanar-Kanar George Armstrong Custer da sojoji su kewaya duwatsun, suka dawo da labarin cewa akwai zinariya. Nan da nan masu neman arziki suka yi ta kwarara. Gwamnati ta nemi ta sayi wurin, masu shi suka ƙi sayarwa. Sai aka ba da wa'adi cewa duk wanda bai koma wurin da aka keɓe ba kafin 31 ga Janairu 1876 za a ɗauke shi abokin gaba. Wa'adin ya faɗo ne a tsakiyar hunturu, lokacin da tafiya da mata da yara a cikin ƙanƙara ke da wuya ƙwarai.

Da bazara ta yi, jama'ar Lakota da Cheyenne ta Arewa da wasu Arapaho suka taru a gefen kogin Little Bighorn, a yankin Montana, a ƙarƙashin shugabanni irin su Sitting Bull da Crazy Horse da Gall. An ƙiyasta mayaƙansu tsakanin 1,500 da 2,000. Ran 17 ga Yuni sun riga sun tare rundunar Janar George Crook a Rosebud, suka hana ta ci gaba. Ran 25 ga Yuni Custer ya iso da rundunar sojan doki ta 7. Masu yi masa jagora daga ƙabilun Crow da Arikara sun gargaɗe shi game da girman sansanin, amma abin da ya fi damunsa shi ne kada mutanen su watse kafin ya cim musu. Sai ya rarraba rundunarsa: ya ba Manjo Marcus Reno kashi ɗaya, ya ba Kyaftin Frederick Benteen kashi ɗaya, ya bar wasu tare da kaya, shi kuma ya ɗauki kamfani 5, kimanin mutum 210.

Reno ya auka wa sansanin daga kudu, aka fatattake shi, ya haye kogi ya hau tudu, inda Benteen ya same shi suka yi ta kare kansu har washegari. Custer kuwa da mutanensa babu wanda ya tsira ko ɗaya. A cikin mamatan akwai ƙannensa biyu, Tom da Boston. Jimlar waɗanda suka mutu a ɓangaren soja ta haura 260. Custer yana da shekara 36 a lokacin.

Wajibi ne a lura da abu biyu a nan. Na farko, Custer shi ne ya kai hari a kan sansanin da ke cike da mata da yara da tsofaffi, kamar yadda ya yi a Washita a watan Nuwamba 1868, inda aka kashe sarkin Cheyenne Black Kettle. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na biyu, nasarar ba ta daɗe ba. A 1877 Majalisar Dokokin Amurka ta ƙwace Black Hills. Crazy Horse ya miƙa wuya a watan Mayu na shekarar, aka kashe shi a watan Satumba a Fort Robinson. Sitting Bull ya yi hijira zuwa Kanada, yunwa ta komo da shi a 1881, aka kashe shi ran 15 ga Disamba 1890. Mako biyu bayan haka, ran 29 ga Disamba, wannan runduna ta 7 ɗin dai ita ce ta yi wa Lakota kisan gilla a Wounded Knee.

3.0 YADDA SHAN KASHI YA ZAMA KIRARI

Labarin yaƙin ya isa biranen gabashin Amurka a farkon watan Yuli 1876, daidai lokacin da ƙasar ke bikin cika shekara 100 da samun 'yanci. Jama'ar da ke cikin irin wannan shagali ba za ta iya haɗiye cewa mutanen da take rainawa sun ci rundunarta da yaƙi ba. Sai aka sake wa abin suna. Aka daina kallonsa a matsayin harin da ya ci tura, aka koma kiransa "Custer's Last Stand", watau tsayuwar dakan da Custer ya yi ta ƙarshe. Da wannan suna kaɗai aka juya al'amarin: wanda ya kai hari ya zama wanda aka yi wa taron dangi. Su Lakota kuwa sunan da suke kiran wurin da shi ma'anarsa ciyawa mai maiƙo, kuma babu sunan mutum a ciki.

Hannaye da yawa suka taru suka gina wannan kirari. Matarsa, Elizabeth Custer, ta rubuta littattafai 3 a kan rayuwarsu, na farko a 1885, kuma ta ci gaba da tsare mutuncinsa har ta rasu a 1933. Buffalo Bill Cody ya riƙa kwaikwayon yaƙin a cikin wasansa na dawakai da ya kewaya birane da shi. A 1896 kamfanin giya na Anheuser-Busch ya buga wani hoton yaƙin, wanda Otto Becker ya zana bisa ga aikin Cassilly Adams, ya rarraba shi gidajen giya a duk faɗin ƙasar. A hoton an nuna Custer yana sara da takobi, alhali kuwa rundunar ta baro takubbanta a baya kafin ta shiga wannan yaƙi. A 1941 aka fito da fim ɗin They Died with Their Boots On, inda Errol Flynn ya fito a matsayin Custer, aka nuna shi mutum ne da ya sadaukar da ransa, har ma mai tausayin waɗanda ya je yaƙa.

Gaskiya ne an fara sukar wannan almara tun kafin zuwan talabijin. Shekara ɗaya bayan rasuwar Elizabeth, watau 1934, Frederic Van de Water ya wallafa littafinsa Glory-Hunter, wanda ya nuna Custer mutum ne mai son suna. Haka kuma fim ɗin John Ford na 1948, Fort Apache, ya kawo wani kwamanda mai girman kai da ya kai mutanensa ga halaka, kuma kowa ya gane da wa ake. Amma waɗannan na manya ne. Yaron Amurka na 1959 yana zaune ne a gaban akwatin da fina-finan kaboyi suka cika shi fal, Gunsmoke na kan gaba, kuma a can sojan doki jarumi ne babu ja. A cikin wannan yanayi ne katun ɗin Peabody ya fito.

4.0 SHIRIN PEABODY: ASALINSA DA ZUBINSA

An fara nuna Rocky and His Friends ran 19 ga Nuwamba 1959 a tashar ABC, daga baya ya koma NBC a 1961 da sunan The Bullwinkle Show, ya ƙare a 1964. Jay Ward shi ne mai shirin, Bill Scott kuma babban marubucinsa. Kamfanin General Mills, mai yin abincin karin kumallo na hatsi, shi ya ɗauki nauyinsa, kuma domin rage kuɗi aka kai yawancin aikin zane ga kamfanin Gamma a birnin Meksiko. Wannan ya sa motsin hotunan bai da yawa: sau da yawa baki ne kaɗai ke motsi, jiki na tsaye cik. Tun da hoto bai iya ɗaukar nauyin ba da dariya ba, sai nauyin ya koma kan magana. Ana iya cewa shirin wasan rediyo ne da aka yi wa zane.

Jerin Peabody, wanda mai zane Ted Key ya ƙago taurarinsa, yana da kashi 91. Peabody kare ne fari mai tabarau, wanda ya fi kowa ilmi a duniya. Shi ne ya ɗauki wani yaro maraya mai suna Sherman riƙo, watau an juya al'ada, kare ne ke riƙon yaro. Bill Scott ne ke yin muryar Peabody, Walter Tetley kuma ta Sherman. Peabody ya ƙera wata na'ura mai suna WABAC wadda ke mai da mutum zamanin da, sunan kuwa gatse ne ga sunayen manyan kwamfutocin lokacin irin su UNIVAC. A kashin farko na jerin an bayyana cewa Peabody ya yi wa na'urar gyara yadda za ta riƙa nuna abin da ya kamata ya faru maimakon abin da ya faru. Wannan magana ita ce mabuɗin fahimtar shirin duka.

Zubin kowane kashi kusan iri ɗaya ne, kamar yadda tatsuniya ke da mabuɗi da marufi da ba sa canzawa. Peabody zai gaishe da masu kallo, ya umarci Sherman ya saita na'ura zuwa shekara kaza da wuri kaza. Za su iske wani shahararren mutum, kamar Napoleon ko Marco Polo ko Beethoven, su tarar ashe wawa ne, ko rago, ko matsoraci, ya kasa yin abin da tarihi ya san shi da shi. Peabody zai yi dabara ya daidaita al'amari. Sa'an nan a rufe da wasa da kalma, irin wanda Sherman kan ji ya ɓata fuska. Ke nan jigon jerin gaba ɗaya shi ne cewa manyan mutanen da ake karantawa a makaranta ba su kai yadda ake faɗa ba.

5.0 KASHIN CUSTER

5.1 Matsalar da marubutan suka fuskanta

Idan aka ɗora wannan zubi a kan Little Bighorn sai a ga wata matsala da babu irinta a kashin Marco Polo ko na Beethoven. A waɗancan, daidaita tarihi yana nufin a taimaki mutum ya cim ma abin da tarihi ya san shi da shi. A nan kuwa abin da tarihi ya san Custer da shi shi ne ya mutu tare da mutanensa duka. Shirin yara ne, mai tallan abincin safe ne ke biyan kuɗinsa, ba zai yiwu ya ƙare da gawawwaki a kan tudu ba. Dole ne a sami wata ƙofar fita, kuma marufin kashin shi ne ƙofar.

Bayan an gama batun yaƙi, Peabody ya jawo hankalin Sherman ga wani mutum mai tura keken sayar da burodi da nama a filin Little Bighorn, ya sanar da shi cewa ainihin abin da sunan nan da kowa ya sani ke nufi ke nan. Sirrin barkwancin yana cikin kalmar Ingilishi "stand", wadda ke da ma'ana biyu: tana nufin tsayuwar daka a fagen fama, tana kuma nufin teburi ko rumfar mai saye da sayarwa. Saboda haka tsayuwar Custer ta ƙarshe ta rikiɗa ta zama teburin Custer na ƙarshe. Mai jin Hausa zai gane irin wannan salo idan ya tuna yadda ake wasa da kalmomi masu kama da juna, kamar "gari" na zama da "gari" na tuwo, ko da yake a Hausa karin sauti da tsawon wasali kan raba su, a nan kuwa kalmar ɗaya ce tak.

5.2 Abin da barkwancin ya cim ma

Kada a raina wannan marufi. Mun ga a sama cewa almarar Custer a kan suna aka gina ta. Sunan ne ya mai da hari ya zama kare kai, ya mai da kuskuren kwamanda ya zama shahada. To, wannan suna shi ne daidai inda Peabody ya sa wuƙa. Ya ɗauki kalma mafi nauyi a cikin kirarin ya nuna cewa ana iya sauke ta a kasuwa. Yaron da ya ji wannan, duk ranar da malami ya ambaci sunan yaƙin cikin murya mai girma, keken mai nama ne zai faɗo masa a rai, kuma kwarjinin ya tafi ke nan.

Akwai kuma wata gaskiya da barkwancin ya taɓo, ko marubutan sun nufa ko ba su nufa ba. Tun 1876 sunan Custer haja ne. An sayar da jaridu da shi, an sayar da tikitin wasan Buffalo Bill da shi, an sayar da giya da shi, an sayar da tikitin silima da shi. Idan haka ne, mai teburi a filin yaƙi ya fi hoton Becker kusa da gaskiya. Har ma ana iya ƙarawa da cewa shi kansa katun ɗin wani teburin ne, domin tsakanin kashi da kashi tallan hatsi ake yi.

A ma'aunin adabinmu wannan zambo ne cikakke, domin an kama suna, an kuma muzanta mai sunan a bainar jama'a. Zambon ya zo shekara 10 kafin fim ɗin Little Big Man na 1970, wanda ya nuna wa manya Custer a matsayin mai taɓin hankali. A wannan fuska katun ɗin ya riga zamaninsa, kuma ya cancanci a yaba masa.

5.3 Abin da barkwancin ya bari

Amma fa duk wanda ya san aikin maroƙa ya san cewa zambo da yabo uwarsu ɗaya. Maroƙin da ya wasa mutum yau, shi ne zai zage shi gobe idan ya hana shi, kuma a duka biyun sunan mutumin ne ke yawo a gari. Zambo yana rage wa mutum daraja, ba ya kawar da shi daga fage. Haka abin yake a nan. Barkwancin ba zai ba da dariya ba sai mai kallo ya riga ya karɓi sunan da aka laƙa wa yaƙin, watau ya yarda cewa ranar ta Custer ce. Jarumi ne ko wawa ne, teburin dai nasa ne.

Ina waɗanda suka ci yaƙin? Babu su a cikin marufin. Mutum 1,500 ko fiye da suka kare iyalansu, suka kuma karya rundunar da ta zo musu, ba su sami ko kalma ɗaya a cikin jimlar da yaro zai tafi da ita ba. Dalilin da zambon ya bayar na abin da ya faru shi ne wautar Bature. Wannan kuwa, idan aka duba da kyau, wata hanya ce ta hana Lakota da Cheyenne nasararsu, domin idan sakarcin Custer ne kaɗai ya jawo abin, to ba a bukatar a yi maganar ƙwarewar Crazy Horse ko Gall, balle a yi maganar yarjejeniyar 1868 da zinariyar Black Hills. Almarar farko ta ce an fi shi yawa ne, ta biyu ta ce bai da wayo ne. Babu wadda ta ce an fi shi iya yaƙi a ranar, ko kuwa an fi shi gaskiya.

Lokacin da aka nuna katun ɗin ma abin dubawa ne. Tun 1953 Majalisar Dokokin Amurka ta ɗauki manufar soke matsayin ƙabilu da dama a idon doka, ana kuma ƙarfafa wa mutanensu su bar ƙasarsu su koma birane. Jikokin mayaƙan Little Bighorn suna raye, suna neman haƙƙinsu a kan Black Hills. A wurinsu maganar ba tarihin da ya wuce ba ce da za a shiga na'ura a je a gano.

Wani zai ce wannan neman jini ne ga fara, domin minti 5 ba za su ɗauki duk wannan ba. Akwai gaskiya a ciki. Ba a ce katun ya zama littafin tarihi ba. Abin da ake cewa shi ne, wanda ya zaɓi abin da zai yi wa dariya ya kuma zaɓi abin da zai yi shiru a kansa, kuma aikin mai nazari ne ya saurari shirun. Zane kuwa ba ya rasa ikon faɗar ɗaya ɓangaren. A 1881 wani Balakote mai suna Red Horse, wanda ya halarci yaƙin, ya zana hotuna 42 na abin da ya gani, suna nan a ajiye a cibiyar Smithsonian. A cikinsu akwai gawawwakin sojoji da na mutanensa da na dawakai, kuma babu wani jarumi guda da ke tsaye a tsakiya.

6.0 KWATANCI DA GO GO GOPHERS

Domin a ƙara ganin iyakar zambon Peabody, yana da kyau a duba wani katun da ya biyo baya. A 1966 kamfanin Total Television ya fito da Go Go Gophers a cikin shirin Underdog, kuma General Mills ne ya ɗauki nauyinsa shi ma. A nan akwai wani kanar na sojan doki mai suna Kit Coyote, dabba mai kama da dila, da sajansa Okey Homa, suna ƙoƙarin kawar da wasu 'yan dabbobi biyu masu haƙa rami kamar gafiya, Ruffled Feather da Running Board, waɗanda su ne kaɗai suka rage daga ƙabilarsu. A kowane kashi kanar zai zo da sabuwar dabara, su kuwa su mai da ita kansa.

Wannan habaici ne, domin ba a kama sunan wani yaƙi ko wani kwamanda na gaskiya ba, amma mai abin ya san abinsa. Ta wata fuska ya fi na Peabody ci gaba: 'yan ƙasa suna cikin fage, su ne masu wayo, su ne kuma masu nasara, kamar yadda Gizo ke cin galabar manyan dawa a tatsuniya. Yaro zai goyi bayansu. Sai dai kuɗin da aka biya domin wannan yana da yawa. Ruffled Feather ba ya magana da harshe, sambatu yake yi, ɗan'uwansa na fassarawa da gurɓataccen Ingilishi. Sa'an nan tushen wasan shi ne cewa su biyu suka rage, watau an ɗauki ƙarewar al'umma a matsayin abin da aka riga aka gama, aka gina dariya a kai. Ke nan ɗaya katun ɗin ya fitar da su daga fage, ɗayan ya shigo da su amma ya karɓe musu harshe.

Waɗanda suka canza maganar daga ƙarshe su ne masu abin da kansu. A 1967 tashar ABC ta fito da wasan kwaikwayo mai suna Custer, ƙungiyoyin 'yan asalin ƙasar suka yi masa ca, aka dakatar da shi bayan kashi 17. A 1969 wani marubuci Basiyu, Vine Deloria, ya wallafa Custer Died for Your Sins, littafin da shi kansa cike yake da barkwanci mai zafi, abin da ya nuna cewa dariyar ba ita ce laifi ba, tambayar ita ce a bakin wa take. A 1980 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci cewa an karɓe Black Hills ba bisa ƙa'ida ba, ta tabbatar da diyyar da ta haura dala miliyan 100. Ƙabilun suka ƙi karɓa, suka ce ƙasar suke so. A 1991 Majalisa ta cire sunan Custer daga sunan filin yaƙin, ya koma Little Bighorn, a 2003 kuma aka buɗe wurin tunawa da mayaƙan ƙabilun a can.

7.0 KAMMALAWA

Wannan takarda ta yi ƙoƙarin nuna cewa kashin Custer na jerin Peabody zambo ne mai kaifi wanda ya sami almarar a gaɓarta, watau a sunanta, a lokacin da talabijin ke cike da yabon sojan doki. Ta kuma nuna cewa zambon bai fita daga da'irar da yabon ya zana ba, domin har yanzu mutum ɗaya ne ake magana a kansa. Cire sunan da aka yi a 1991 shi ne matakin da katun ɗin bai iya ɗauka ba.

Ga mu masu horar da malamai, akwai amfani a nan. Irin wannan ɗan fim yana iya zama abin koyarwa mai kyau idan aka haɗa shi da abokan tafiyarsa. A nuna wa ɗalibai hoton Becker, a nuna musu marufin Peabody, a nuna musu zanen Red Horse, sa'an nan a yi musu tambayoyi uku a kan kowanne: wane ne a tsakiya, wane ne a gefe, wane ne kuma ya biya kuɗin aikin? Ɗalibin da ya iya amsa waɗannan a kan Little Bighorn zai iya amsa su a kan kowane labarin yaƙi da aka ba shi, na nesa ko na gida. Ana fata masu nazarin adabi za su faɗaɗa wannan bincike zuwa ga kashin Sitting Bull da na Geronimo a cikin jerin, inda 'yan ƙasar ne da kansu aka ɗora a tsakiyar fage, domin a ga ko hukuncin da aka yanke a nan zai tsaya.